Gwaggo Ta Watsa wa Kaji Jatan Landena

Jama'a, ku taya ni ji, yau kaina har sarawa yake!

Kun san basin ɗin nan nawa, wato kwamin ruwan da nake kiwon kifin karfasa da jatan lande tare, wanda pompi ke jan ruwan a tace shi ya komo. Wata biyar ina fama! Jibi mai gidan abinci zai zo daga Damagaram ya ɗauki jatan landen.

Jiya Gwaggo Hajara, ƙanwar babana, ta zo daga Guci. Yau da safe na hau moto na tafi kasuwar Magariya neman tiyo. Ina dawowa na tarar an kashe pompi, an zubar da rabin ruwan! Ga Gwaggo tsaye da rariya, zaninta sharkaf. Ga kaji suna ta wawa.

Na ce, "Gwaggo, lafiya?"

Ta ce, "Allah ne ya kawo ni, ɗana. Kunamun ruwa sun cika ma ramin kifi! Na kwashe su na watsa wa kaji."

Innalillahi! Na ruga na kunna pompi, don kifin har sun taso sama suna haki. Na leƙa ƙasa. Jatan lande bakwai kaɗai suka rage!

Na ce, "Gwaggo, kiwonsu fa nake! Cin su ake!"

Ta dafe ƙirji. "Ci? Wannan abin mai gashin baki?"

Yanzu haka tana waya da babana, wai ya zo maza, boko ya taɓa mini kai. Kuma ta ƙi ajiye rariyar. Ta ce bakwai ɗin nan ma sai ta ga bayansu!