Inna Gye-sun, Wadda Ta Koya wa 'Yata Fitowa Hannu Rabbana

Tun kafin hazo ya ɗaga daga kan baƙaƙen duwatsun gaɓar teku, za ka hango ta tana gangarowa ta tsakiyar gonakin lemo a kan tsohon babur ɗinta, raga da goran da ke riƙe ta a saman ruwa suna rangaji a bayanta. Bu Gye-sun ke nan, shugabar mata masu nutso a ƙauyenmu na gabashin tsibirin Jeju. Ba ta gaisawa da kowa sai ta fara tsayawa ta kalli ruwa, kamar mai sauraron labarin da wani ya kwana yana tanadar mata. Idan ta gama, sai ta tsinko ganyen tazargade ta goge tabaran nutso da shi don kada ya yi suraci, sannan ta waiwayo.

"Wa ta tashi da ciwon kai? Wa ta yi faɗa da miji? Ta zauna ta gasa mana dankali, yau ruwa ba nata ba ne."

Shekara sittin da shida tana wannan aiki, babu tukunyar iska, sai numfashin da Mahalicci ya ba ta. A wannan watan ta ajiye gora, ta bar nutso. Ni manomin lemo ne, rubutu ba sana'ata ba ce, amma akwai abin da ban iya faɗa mata baki da baki ba.

Ina da shekara tara ruwa ya ci mahaifiyata. Jonbok, wato babban dodon-koɗin nan da ke manne wa dutse, da ƙarfe ake ɓamɓaro shi, kuma a wancan zamani ƙarfen a ɗaure yake tamau a wuyan hannu don kada ya ɓata. Mahaifiyata ta zura ƙarfe, dabbar ta damƙe shi, igiya ta riƙe ta. Inna Gye-sun ce ta sauka ta ɗauko ta. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Kwana uku ta zauna a tsakar gida da guntuwar igiya tana ƙullawa tana kwancewa, har ta samo wani ɗauri wanda fizga ɗaya ke warware shi, a bar ƙarfen a ƙasa a taso. Manyan mata suka yi ta mata dariya.

"Gye-sun, ke kam maƙeri za ki aura! Kowane wata sabon ƙarfe?"

"Maƙeri yana da ƙarfe da yawa," in ji ta. "Ke fa, kina da wata Ok-hui a ajiye?"

Ok-hui sunan mahaifiyata ne. Yau duk matan gaɓar nan da wannan ɗauri suke shiga ruwa, kuma yawancinsu ba su san wa ya fara shi ba.

Shekara uku da suka wuce 'yata Na-rae ta bar aikin ofis a birnin Seoul, ta dawo gida da jaka biyu, ta ce nutso za ta koya. Ta ce shekara bakwai tana kallon bango, tana so ta yi abin da idan ta kwanta za ta san me ta yi. Abinci ya daina shiga mini. A nan ba a karɓar sabuwa sai shugaba ta yarda, don haka na ciko kwando da lemon da ya fi kyau a gonata na tafi gidan Inna.

"Inna, don girman Allah ki ce ba ta iya ba. Kalma ɗaya ce."

Ta ɓare lemo ta ci, ta ɓare na biyu.

"Baban Na-rae, lemonka akwai zaƙi, maganarka babu. Idan na kore ta, ƙauyen gaba za ta je. Ka fi son ta koya a hannun wadda ba ta taɓa ɗauko gawa ba?"

Na fito ina jin haushinta. Ko kwandon ban ɗauka ba.

Abin da ya biyo baya, matan ne suka ba ni labari. A bazarar farko Na-rae ta hango wani jonbok mai faɗin tafin hannu. Numfashinta ya kusa ƙarewa, amma ta daure ta tsaya har ta ɓamɓaro shi. Ta taso leɓɓanta sun yi shuɗi, tana ɗaga shi sama tana dariya. Inna ta iyo ta karɓa, ta juya shi, ta yaba girmansa, sannan ta sake shi ya koma ƙasa a kan idon kowa.

"Inna! Me na yi?"

"Wannan ba da numfashinki kika samo shi ba, da na gobe ne. Ba ma cin irinsa."

Kwana biyu Na-rae ba ta je gaɓa ba. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, har murna na yi, na ɗauka ta haƙura. Rana ta uku ta koma.

Inna ta ba ta wata 'yar katantanwa mai sheƙi ta ce ta riƙa sa wa a ɗamara. Idan ta ga abu kuma ƙirjinta ya fara kira, ta ajiye katantanwar a wurin, cikinta na kallon sama, ta taso ta sha iska, in ta koma hasken zai nuna mata wurin. Na-rae ta taɓa ce mini idan rana ta ratsa ruwa, katantanwar matan kan yi ta ƙyalli a ƙasa nan da can, ciyawar teku tana kaɗawa a kansu, kamar wani gari ne da aka kunna fitilu ana jiran baƙi. Na yi ta ƙoƙarin in hango wannan gari. A nawa idon duhu kawai nake gani.

A kakar bara abin da nake tsoro ya faru. Jonbok ya damƙe wa Na-rae ƙarfe. Ta fizge ɗaurin, ta bar ƙarfe da dabbar da komai, ta taso. Ran nan ragarta wayam, tana tafe tana sunkuyar da kai. Sai Inna ta jawo tata ragar, ta juye mata rabin abin da ta kamo, sauran matan ma kowace ta ɗebo ta zuba, kamar yadda ake yi wa sabuwa tun zamanin kakanni.

"Ku kalle ta da kyau," in ji Inna. "Yau muka sami mai nutso."

Ke ce, Inna, kika san cewa jarumtar da ke cikin sauka kaɗan ce, babbar tana wajen sakin abu idonka na kansa. Ke ce ba ki taɓa riƙe alli ba, amma mata goma sha tara suka koya a hannunki, kuma dukansu suna kwana a gidajensu.

Ranar da Inna ta yi nutsonta na ƙarshe na je gaɓa. Ta fito a hankali, ruwa na zuba daga farin gashinta, ta zauna kan dutse kusa da ni. Can nesa gorunan matan suna lilo, kowace ta taso sai ka ji dogon fiton da suke yi in sun saki numfashi.

"Inna, har yanzu tsoro nake ji."

"Ni ma. Waɗanda ba sa ji su nake korewa." Ta nuna da haɓa. "Wancan fiton mai karkacewa a ƙarshe, na 'yarka ne. Kamar buta a kan wuta. Tashi ka taya ta ɗaukar raga, ƙato da kai."

Na gode, Inna. Na roƙe ki ki hana ta, kika ƙi, kuma kullum kina dawo mini da ita. Duk mai wani a ƙarƙashinsa, a gona ne ko a aji ko a shago, ya dubi wannan tsohuwa, ya koya wa na bayansa yadda ake dawowa, sannan ya bar shi ya tafi.

Na naɗe ƙafar wando na shiga ruwa har gwiwa, karo na farko tun ina ɗan shekara tara. Na-rae ta miƙo mini igiyar ragar tana haki.

"Baba, riƙe da hannu biyu. Yau da nauyi."