Tsinken Wutsiyar Jirgin Hamidou

Duk wani mutumin Damagaram da ke zaune a titin Grand Concourse na birnin New York ya san Hamidou da abu biyu: saurin fushi da jirgi. Fushin kam gado ne, ubansa ma haka yake. Jirgin ne ya ɗaure wa jama'a kai. Mutum ya ba hamsin baya, duk mako yana tuƙa motar kai marasa lafiya asibiti, Asabar ta zo maimakon ya huta ko ya leƙa suna, sai ya kama hanyar arewa, can bayan gari inda gonaki suke, wai zai hau jirgi mara inji. Mara inji fa! Wani jirgin ne zai ja shi sama da igiya ya sake shi, daga nan sai iska da ikon Allah. Gilaida ake ce masa. A ƙofar masallaci har Kyaftin suke kiransa, su yi ta ƙyaƙyata dariya, shi kuwa ya ja tsaki ya wuce.

Tun yana yaro abin ya shige shi. Yakan kwanta a kan dutse bayan mahauta yana kallon ungulaye suna kewaya sama, suna ta hawa ba tare da sun kaɗa fiffike ba. Da ya zo New York, wani dattijon Bature da yake kaiwa wankin ƙoda ya gaya masa cewa ai mutane ma suna yin haka. Shi ke nan, Safiatu matarsa ta rasa miji ranar Asabar. Ya koya, ya sami takarda, ya sayi wani tsohon jirgi mai kujera ɗaya da ya kusa zama sa'an haihuwarsa.

Abu ɗaya ya gagare shi. Kowa a ƙungiyarsu ta masu gilaida ya taɓa tsallake duwatsun da ke yamma ya sauka a wani fili can nesa, ban da shi. Kullum yana nan yana kewaya filin gida kamar akuyar ɗaure. Kuma ya san mai laifin. Akwai wani agogo a gaban matuƙi da ke kuka in iska na ɗaga jirgi, to na Hamidou maƙaryaci ne. Da ya ja sandar tuƙi jirgin ya ɗaga hanci, sai agogon ya ɓarke da ihu wai ga iska. Ya juya da murna, ba komai, ƙasa kawai ke matsowa. Ya sha zagin agogon nan tas, shi kaɗai a sararin sama.

Maganin wani siririn bututun ƙarfe ne da ake sokawa a wutsiyar jirgi, kansa a lanƙwashe, da wasu ƴan ramuka a bayan lanƙwasar. Shi ke sa agogo ya bambance hawan iska na gaskiya da wanda hannun matuƙi ya haddasa. Hamidou tsinke yake ce masa.

A bazarar 2014 likita ya gaya masa ciwon sukari ya fara taɓa idonsa. Bai jira an hana shi ba, da kansa ya sa jirgin a kasuwa, aka yi ciniki, mai saye zai zo ƙarshen Oktoba. Safiatu ta yi hamdala a fili. Amma ya rantse kafin a ɗauke jirgin sai ya tsallake duwatsun nan sau ɗaya. Ya aika aka kawo tsinke daga Jamus. Ya yi Asabar bayan Asabar kwance a cikin gangar jikin jirgin yana zura tiyon roba daga wutsiya zuwa agogo, gwiwar hannunsa duk ta ƙuje. Bakaniken ƙungiya ya duba ya ce ya yi. Tsinken kuwa, don kada wani ya taka, ya kawo shi gida cikin kwalinsa ya ɗora kan talabijin.

A falon nan Issoufou yake kwana. Ɗan unguwarsu ne a Damagaram, mai walda, ya sauka New York da jaka ɗaya da lambar wayar Hamidou. Ɗan gari ba a mayar da shi, aka shimfiɗa masa. Mutum ne mai kunya, ba ya iya cin tuwon mutane haka kawai, saboda haka ya dinga biya da hannunsa. Ya gyara marfin tukunya, ya gyara fanka, ya ɗaure ƙafar kujera. Da ya sami aiki a wani gareji a titin Jerome Avenue, duk abin da ya karkace a gidan sai ya tafi da shi ya dawo da shi a miƙe. Safiatu har cewa take da ma shi ta aura.

Asabar ta ƙarshe ta zo da irin saman da matuƙa ke roƙo, garau, ga ƙananan gizagizai farare jere har bayan duwatsu. Hamidou ya tafi da Issoufou, don ƙa'ida ce duk mai tafiya nesa ya bar mutum a ƙasa da mota da tirelar jirgi, ko da zai sauka a gonar wani. Safiatu ta cika musu kula da dambun shinkafa. Da suka isa filin suka haɗa wa jirgin fikafikansa, Hamidou har da ƴar waƙa. Ya je wajen wutsiya ya buɗe kwalin.

Tsinken ya fito a miƙe sambal, sai ƙyalli yake. Lanƙwasar babu, ramukan an cike su da dalma an goge.

"Yaya, ka gani?" in ji Issoufou, bakinsa har kunne. "Na tarar ya tanƙware, ga shi duk ya huhhuje. Na ce wannan ai ba a hau sama da shi haka ba. Ban gaya maka ba don ka ga abin mamaki."

Innalillahi! Hamidou ya juya tsinken, ya hura, iska ba ta wuce ba. Ya zaga wajen Turawan ƙungiya ko wani na da na aro, kowa nasa na kan wutsiyarsa, ɗayan da aka samu kuma bai shiga ramin wutsiyar jirginsa ba. Ya dawo kan Issoufou.

"Wa ya sa ka? Issoufou, wa ya aike ka? Komai ka gani sai ka taɓa? Jirgi tukunya ne?"

"Yi haƙuri, Yaya, wallahi ni gyara na..."

"Gyaran banza! Gyaran wofi! Ka kashe ni, ka huta!"

Da ya tsaya nan, da ba komai. Duk wanda aka yi wa ɓarna irin wannan yana da ikon ya yi ihu, Issoufou ma kansa a sunkuye yake yana karɓa. Amma bakin Hamidou ba shi da birki.

"Na ba ka wurin kwana, kullum hannunka na cikin kwanon matata, safe da dare kana loda tuwona, sakayyar ke nan?"

Haba Hamidou! Gorin abinci? Ga ɗan garinku, a ƙasar mutane? Turawan da ke wurin ba sa jin Hausa, amma duk sai da suka kau da kai. Issoufou ya ɗago ya dube shi sau ɗaya. Ya miƙa hannu ya karɓi makullin mota, ya koma gefen tirela ya zauna.

Hamidou ya mayar da tiyo yadda yake a da, ya hau a fusace, aka ja shi sama. Agogon ya ci gaba da sana'arsa ta ƙarya. Mai fushi kuwa hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, yana fizgar sanda agogo na ihu, yana juyawa a iskar da babu ita. Duk da haka ya nufi yamma, don gobe babu jirgi. Ya matsa har yana iya rarrabe itatuwan kan duwatsun, jajaye da rawaya, sai dai suna sama da shi. Ya sauka a wata gonar masara da aka girbe, ƙura ta tashi, komai ya yi tsit.

Ya daɗe a zaune bai buɗe murfin jirgin ba. Ya zagi agogo, ya zagi sukari, ya zagi Jamus. Da ya rasa abin zagi sai ya ciro waya, kuma lamba ɗaya ce zai iya kira.

Issoufou ya zo. Ya juya tirela a bakin gonar tsaf, ya kama gindin fiffike, wajen da ya fi nauyi, ya bar wa Hamidou bakin. Suka loda jirgin. Hamidou ya so ya ba da haƙuri, amma ya kasa, don bai saba ba. Sai ya ɗauko kular Safiatu ya buɗe a kan bayan mota. Dambun na nan da ɗuminsa, cokali biyu a soke. Ya tura ta gaban Issoufou.

"Bismillah. Tun safe ba ka ci komai ba."

"Ci abinka, Yaya," in ji Issoufou a hankali. "Na ƙoshi."

Kafin mai sayen jirgi ya zo, Issoufou ya tattara jakarsa ya koma unguwar Harlem wajen wasu abokan aikinsa. Safiatu ta yi kwanaki ba ta yi wa mijinta magana ba. Har yanzu sukan haɗu a wajen suna ko ɗaurin aure. Issoufou zai zo ya durƙusa ya gai da Yayansa da ladabi, ya tambayi ido, ya tambayi Safiatu. In aka ajiye tire, Hamidou yakan matsa ya buɗe masa wuri kusa da shi, kowa na kallo. Issoufou sai ya yi godiya, ya ce ya ƙoshi.