Ranar da Illo ya wuce zaurenmu

Ranar Talata ce, bayan azahar, cikin ranin shekarar da na gama aji shida a Jiratawa. Inna na sussukar gero a tsakar gida, ina wanke taɓon ƙafafuna, sai Illo, maƙwabcinmu a gonar rani, ya wuce zaure ba sallama, da gora a hannu. In ban manta ba, kafin ranar babu namijin da ba dangi ba da ya taɓa taka tsakar gidanmu.

A garinmu ruwan ban ruwa rabo ne, kowane fage da ranarsa, kuma Talata ta Illo ce. Da sassafe baba ya aike ni duba albasarmu. Na ga ganyen ya yi laushi, na toshe magudanar Illo da laka, na juyo ruwan wajenmu da niyyar in mayar. Wasan langa ya ɗauke min hankali. Barkonon da Illo ya dasa jiya-jiya ya ƙone a tsaye.

Baba ya fito yana cewa a koma zaure a yi magana. Illo bai saurara ba. Bugun farko ya sami turmi, na biyu ya sauka a gwiwar hannun baba, na ji ƙarar ƙashi. Inna ta rafka wa Illo taɓarya a ƙeya, jini ya zubo kan geron. Maƙwabta na jan sa yana tambayar wanda ya taɓa masa ruwa. Baba, dafe da hannunsa, ya ce, "Ni ne." Bai ko dube ni ba. Ina jin ya sani, amma ban tabbata ba.

Daga baya, a kolej a Maradi, mushen Ingilishi, wato malaminmu, ya rubuta intrude a allo. Ya ce ana faɗar kalmar ga wanda ya kutsa inda ba a neme shi ba, gida ne ko zance ko haƙƙin wani, ba a faɗarta ga baƙo. Ya ce kowa ya yi jimla. Na rubuta sunan Illo, sai na ga wataƙila ni na riga shi. Na goge, na miƙa takardar haka nan.

Yanzu ina Sabon Gari, a gida mai ƙofar ƙarfe, baƙo sai ya bugo waya daga waje. Hannun baba bai ƙara miƙewa ba duk da ɗorin da aka yi masa a Tsibiri. Duk zuwana gida nakan shirya maganar tun a mota, in same shi yana murza gwiwar, in ɓige da tambayarsa albasa. Ya tsufa ƙwarai, kuma har yau ban faɗa masa ba.