Garin gwangwani da ƙodar ɗana

Shekara shida ke nan da muka rufe ɗana na fari a Filinge. Ba zan rubuta sunansa ba, yana raye ma ban kira shi ba. Masu kallon kokowa a ƙasar Kurfai sun san wanda nake nufi.

Da fura da nono ya tashi, da su ya kayar da maza. Sai wani abokinsa ya kawo masa gwangwanin farin gari daga Yamai, wai yana ƙara tsoka. Kullum da safe ya dama ya sha. Da ƙafafunsa suka fara kumbura aka yi masa awon jini. Likita ta ce wani abu wai shi kiriyatinin ya hau, dattin da ƙoda ke tacewa ke nan. Ta ce ya bar garin, ya dawo a sake awo, a gane ko garin ne ya ɗaga shi ko ƙodar ce ta gaza.

Abokan kokowa suka ce duk mai shan garin haka awonsa ke fita, ba ciwo ba ne. Abin da ke ci mini rai, likitar da kanta ta gaya mini daga baya cewa maganarsu da gaskiya a ciki, garin kan ɗaga awo ko ƙoda lafiya lau take. Amma shi hawan jini ne ke cin tasa a ɓoye, garin ya zame masa mayafi. Bai koma awon ba. Uwa ba ta ja-in-ja da ɗan fari, sai na tura gwaggonsa. Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, ki gaya wa Inna mai ciwon ƙoda ba ya ɗaga ƙato sama. Awo kuma sai bayan kaka." Damina biyu bayan nan muna Yamai wajen wankin ƙoda.

An ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. To, ban gani ba. Yau ranar kasuwa gwangwanayen jere suke kusa da masu barkono. Na yi yaƙi da jahilci da furfurata, ina haɗa baƙi, amma rubutun jikinsu ya fi ƙarfina. Na tambayi wani mai tebur me ke ciki. Bai san ni ba. Ya ce, "Ƙarfi ne, Inna, irin wanda wane ke sha," ya ambaci ɗana.

Na kan tambayi kaina me zai ce da ya ji. Shi da bai iya hawan matakala ba a ƙarshe, yau da sunansa ake talla. Makaɗa na tuna ƙattan da ya kayar, ba wanda ke tuna kumburin.

Ni abin da ya bar mini ƙanensa ne, Idi, mai irin kafaɗarsa da irin taurin kansa. Shi ma ya shiga fage, na kuma ga gwangwani a ɗakinsa. Na zaunar da shi na roƙe shi ya bari, mu je awo. Ya saurare ni da ladabi, kansa a ƙasa. Ya ce to, amma sai bayan kaka, in an gama wasa.

Haka yayansa ya ce.