Ranar da Na Shayar da Kwamfutar Surukina Fura

Na sha kunya iri-iri a duniya, amma akwai guda ɗaya da ko na tsufa na zubar da haƙora ba za ta bar raina ba. Har yau in na ga an ɗaga ludayi sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Kankia, ban daɗe da aure ba. Surukina dattijo ne a Boko, can ƙasar Kusada, manomi mai 'yan shanu, ba shi da yawan magana. Babban ɗansa ya ajiye masa tsohuwar kwamfutar tebur a shigifa, ya haɗa mata sola. Abu ɗaya tak dattijon yake yi da ita. Akwai bidiyon marigayiya matarsa, mahaifiyar matata, ranar wani suna, tana dariya tana yi wa masu tuƙin tuwo faɗa. Wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da ɓata, don haka nan kaɗai muryarta ta rage. Duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya kunna ya zauna.

Ran nan kwamfuta ta ƙi tashi, aka aiko mini. Na hau babur ko karyawa ban yi ba, ina ta cika baki wa matata cewa aikin minti kaɗan ne.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Lahiya lau, Malam. Ga ta nan, tun shekaranjiya ta yi shiru. Ni dai abin da ke ciki nika ji."

Na ce, "In sha Allahu ba komai, Baba."

Na fara daga inda ake farawa. Batirin sola da caji, soket na kawo wuta, na sauya wayar wutar da tawa, shiru. In na danna, fanka ta ɗan motsa sai ta tsaya. Na zare wuta, na kwantar da akwatin kwamfutar a kan tabarma, na kwance murfinsa. Ashe zanzaro ne ya yi gininsa na laka a jikin fankar har ya riƙe ta, ƙura kuma ta cika bakin ram, ɗan siririn allon nan da kwamfuta ba ta tashi sai da shi. Na ji daɗi a raina, don na san na gano cutar. Na kankare ginin, na zare ram ina gogewa.

Nan aka shigo da ƙwaryar fura, damun nonon shanun gidan, maiƙo na yawo a sama. Kowa ya san siriki ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa. Na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi, alhali cikina kuka yake kamar an ɗaure akuya. Dattijo ya tashi ya ce zai duba shanu.

Yana fita na dubi ƙwarya, ƙwarya ta dube ni. Da na haƙura, da na huta. Da na sha kamar mutum, da ba laifi, tunda don ni aka kawo. Amma ni so nake in sha kuma a ce ban sha ba. Na bar ludayi don kada a ga ya jiƙe, na ɗaga ƙwaryar gaba ɗaya na kafa kai. Ina cikin kwankwaɗa na ji gyaran muryarsa a bakin ƙofa. Na zabura zan mayar da ita, gindinta ya bugi gefen akwatin, fura ta tuntsire cikin kwamfuta.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ya tsaya yana kallo: ga fura na malala a kan allon ciki, ga ni durƙushe da farin gashin baki na nono. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, "Malam, ita hwa? Tana nan?"

Na kwance had dis, wato ma'ajiyar da bidiyon yake ciki. Fura ta taɓa gefenta kaɗan. Na goge da hannun rigata, na ce ya ba ni zuwa gobe. Ya ce a'a, ƙafarsa ƙafata. Haka na goyo surukina a babur har Kankia, ƙudaje na bin rigata.

A shago na jona ma'ajiyar a wata kwamfutar, na danna ina karanto duk addu'ar da na sani. Sai ga muryar tsohuwa ta cika shagon: "Ku tuƙa shi da kyau, baƙi za su ci!" Dattijo ya juya fuskarsa bango ya daɗe. Ni ma ban ɗago ba.

Tsohuwar kwamfutar ba ta sake tashi ba, sai wata na haɗa masa, na kuma kwafe bidiyon a wurare da yawa. Ranar da na kai masa aka sake kawo fura. Ya tura mini ƙwaryar har gabana, ya miƙo ludayi da hannunsa, ya gyara zama.

"Sha ina kallo, ɗana. Kunyarka ta kusa raba ni da uwar 'ya'yana karo na biyu."

Na sha, hawaye na ɗiga a ludayi. Tun ranar na gane cewa in za ka yi kunya ka yi ta har a bayan ido, in ba za ka iya ba ka ci abinka a fili. Ta ganin ido ita ce ke kunyata mutum. Kuma har gobe ko ruwan leda ba ya shiga shagona in akwati na buɗe.