Matar da ta hana intanet ɗin asibiti tsegumi

Kullum da safe, kafin masu shara su gama, Anti Injiniya tana ɗakinta na ƙarƙashin bene, inda akwatunan intanet ke ta ƙyaftawa. Za ta ciro wayarta ta hau intanet ɗin asibitin kamar baƙuwa, don ta ga shafin da ke tarbar mutane. Maɓalli ɗaya ne a kai: "Shiga". Ba ya neman suna, ba ya neman lamba.

Asibitin na masu yaƙi da shaye-shaye ne, kowa da sanɗa yake zuwa. Ni kuwa sai a walimar ritayarta na ji abin da ban taɓa sani ba. Ashe waya uwar surutu ce! Tana daga cikin aljihu take lalubar intanet, wata ma har ta miƙa lambar shaidarta ba a tambaye ta ba. Akwatunan kuma a haka aka kawo su, suna adana duk wanda ya leƙo. Ran da aka kafa su Anti ta kashe wannan saitin.

Babbar nas ce ta ba da labarin. Wani shugaban makaranta ya taɓa shigowa wurin Anti, yana zargin wani malaminsa na zuwa nan. Ya kwaso lambar shaidar wayar malamin daga intanet ɗin makarantarsu, so yake a duba a akwatunan asibitin, in ta fito ya kore shi.

"'Yar'uwa, dubawa ce kawai, ba wanda zai ji," in ji shi.

A daidai lokacin kuwa malamin na zaune can ciki, bayan labule, yana jiran magani.

Anti ta ce, "Ranka ya daɗe, ko ni ban san wa ya shigo jiya ba. Injin nan ba ya riƙe kowa."

Ya yi faɗa, ya yi barazana, ya fita.

Anti, ke ce mai rufa asirin wanda bai ma san ya kusa tonuwa ba. Mun gode, Allah Ya rufa naki. Ku kuma masu haɗa wa jama'a intanet, don Allah ku leƙa saitin da aka kawo muku, ku kashe na leƙen asiri.

Malamin ya warke, yana nan yana koyarwa. Har yau bai san an zo nemansa ba.