Dalmar da Na Ɓoye wa Likita

Salama gare ku 'yan uwa. Wata takwas ke nan ban ce komai a zauren nan ba. Wasu sun ɗauka na koma gida. A'a, jinya na yi, kuma da hannuna na jawo ta.

Ni ɗan maƙera ne. Babanmu shi ke ƙera wa mafarautan yankinmu bindigar toka. Na tashi ina kallonsa yana sassaƙa ƙota, yana shafa mata mai har ta yi sheƙi. Da karatu ya kawo ni Alƙahira, muka kama haya a unguwar Abbasiya ni da matata Hajara da 'yarmu Amira, sai hannuna ya fara kewar aikin nan.

Wata tsohuwar bindigar iska na fara samu wurin masu gwanjo, na gyara. Daga nan na ce bari in ƙera irin ta Baba, in riƙa kallo kawai. Ban taɓa harba ta ba. Amma ina narka dalma a ɗan ɗakin ajiyarmu, in zuba harsasai, in jera su a faranti.

Taga a rufe nake yi. Shekarar 2013 ce, ko'ina shingen bincike. Na san doka sarai: bindiga babu lasisi ɗauri ne, baƙo kuwa daga kurkuku sai filin jirgi. Ba na so mai gadin bene ya ji wari ya yi tambaya.

Ciwon ya shigo a hankali. Bakina ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe. Sai murɗar ciki, sai kwana huɗu ban zaga ba. Shafin da na haddace da safe, kafin azahar ya gudu.

Sannan duniya ta fara yi mini nisa. Ina zaune a jirgin ƙasa na metro, ƙarar ƙafafun jirgin ta koma bugun masaba. In ga tartsatsi na tashi tsakanin fasinjoji, a hankali, kamar ba sa son sauka. Sau biyu ina wuce tashata, ina ji kamar ina zaune gefen Baba ina masa zuga.

Na ga likitoci uku. Aka yi gwajin jini, hoton ciki, gwajin fitsari, har kuɗin hayar wata ya tafi. Kowannensu ya tambaye ni aikina. Na ce ɗalibi ne. Aka ce gyambon ciki ne da ƙarancin jini.

Wata safiya kofin shayi ya suɓuce mini. Na ɗaga hannun dama, tafin ya langaɓe, ya ƙi miƙewa.

Hajara ta ce, "Baban Amira, ko ka faɗa musu abin da ke ɗakin nan, ko ni in faɗa."

Na ce ta rufa mini asiri. Sai ta ɗauko mayafinta, muka nufi asibiti.

A asibiti wata likita dattijuwa ta duba ni. Ta ɗaga leɓena, ta daɗe tana kallon dasashina.

"Ya ustaz, da me kake wasa? Batir? Fenti?"

Na ce babu.

Ta ajiye biro. "Tamam. Wa ke kwana a gidan tare da kai?"

Na ce matata da yarinya 'yar shekara biyu.

"Ni likita ce, ba 'yar sanda ba. Abin da ke jininka yana iya kasancewa a jinin yarinyar. Ita kuma ƙwaƙwalwarta yake taɓawa."

Nan na faɗi komai.

Gubar dalma ce. Aka kwantar da ni, aka riƙa ɗaura mini ruwa mai maganin da ke janyo dalmar ta fita ta fitsari. Kwanakin nan sun cuɗe mini. Fankar sama na juyawa, in ga kamar gadon na tafiya a kan kogin Nilu, ba kwale-kwale, ba gaɓa. Ma'aikaciyar jinya ta zo neman jijiya ta ce "ma'alish," wato yi haƙuri, sai in dawo hayyacina.

An gwada Hajara, lafiya lau. Gwajin Amira ya nuna akwai, kaɗan. Ita ce ke wasa a bakin ƙofar ɗakin ajiyar, tana kai hannu baki. Ranar da aka gaya mini, na juya fuskata bango, ban iya kallon uwarta ba.

Da na samu ƙarfi na kira Baba. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ni a rumfa nake aikina, iska na ratsawa, kuma mai gari ya san kowace bindigar da ta fita hannuna. Kai taka wa ya sani?"

Bayan an sallame ni daga asibiti hannuna bai iya riƙe zarto ba. Hajara ce ta yanka ƙarfen bindigar gunduwa-gunduwa, ina nuna mata wurin. Muka wanke ɗakin, muka gaya wa mai gidan a sake fenti, muka tashi zuwa unguwar Madinat Nasr.

Wata biyar ina gashin hannu. Yanzu da shi nake rubuta muku wannan. Gwajin Amira na ƙarshe ya sauko inda likita ke so, surutu kuwa sai an roƙe ta ta yi shiru.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitar nan, da abokan da suka riƙa kawo abinci ba su tambayi komai ba. Hajara, ke kam ban san da bakin da zan gode miki ba.

Masu sha'awa irin tawa, kada ku narka dalma inda ake kwana, balle inda yara suke. Ku san dokar ƙasar da kuke. Idan ba za ku iya neman izini a fili ba, ku bar abin.

Kuma in likita ya tambaye ku da me kuke aiki, ku faɗa tun ranar farko. Ni na yi wata uku ina ɓoyewa, kuma ba jikina kaɗai ya ji ba.